Yadda Ake Cire Dattin da Ya Maƙale wa Fentin Mota da Yumɓu ko Safar Yumɓu

Mota takan fito daga wurin wanki tana ƙyalli daga nesa, amma da zarar mai ita ya ɗora tafin hannu a kan bonet sai ya ji kaushi, kuma ko an sake wanke ta sau uku kaushin yana nan. Dalili shi ne dattin da ke hawa mota iri biyu ne. Akwai wanda yake kwance a sama, irin ƙura da taɓo, wanda ruwa da sabulu ke tafiya da shi. Akwai kuma wanda ya nutse cikin fenti ya kama shi, kuma wannan na biyun ne ake fitarwa da yumɓun mota, wanda 'yan kasuwa ke kira kile-ba, ko da safar hannu mai fuskar danƙo da ke yin aiki iri ɗaya.

Wanda ke tuƙi a Kano ba ya rasa inda zai kwaso irin wannan datti. Kowane taka birki yana sakin ɓurɓushin ƙarfe mai zafi, wanda ke sauka a kan wili da gefen mota ya lafe. Wanda ke ajiye mota kusa da masu walda, ko kusa da layin dogo, ko a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Chalawa da Bompai, yana samun ninkin wannan. A farar mota ana ganinsa ƙuru-ƙuru: ƙananan ɗigo ruwan lemo a ƙofofi da but, waɗanda ba komai ba ne illa ƙarfen da ya yi tsatsa yana cikin fenti. Ga kwalta daga hanyoyin da ake gyarawa, ga ƙaron bishiya da kashin tsuntsu ga mai son inuwar darbejiya ko mangwaro, ga baƙin hayaƙin janareta da na manyan motoci. Sai kuma feshin fenti, domin yawancin masu fentin ƙofar gida da na mota a fili suke aiki, iska kuwa tana ɗaukar hazon fentin ta sauke shi kan duk motar da ke kusa. Motar kwatano ma sau da yawa tana isowa da nata tun daga tashar jirgin ruwa, kafin ta taɓa shaƙar ƙurar Kano.

Shi yumɓun, sunan kawai ya ara. Wani irin danƙo ne na masana'anta da aka cuɗa da garin gogewa mai laushi ƙwarai. A Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, ya shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 1990, inda sunan Clay Magic ya yi fice, yanzu kuwa kamfanoni irin su Meguiar's da Mothers da 3M da Chemical Guys duk suna sayar da nasu. Aikinsa shi ne ya zame a kan ruwa mai santsi, duk abin da ya ɗago sama da fuskar fenti ya aske shi ko ya tsige shi, sannan ya riƙe shi a jikinsa. Wannan bayanin shi ne tushen duk dokokin da za su biyo baya. Abin da yumɓu ya tsige yana nan a jikinsa, kuma idan ba a kula ba shi ne za a ci gaba da ja a kan fentin.

Fentin da ake magana kuwa siriri ne fiye da yadda mutane ke zato. Motar zamani tana da fentin ƙasa, da na launi, da wata fata ta sama marar launi wadda ke sa motar sheƙi, tana kuma kare launin daga rana. Kaurin wannan fatar ta sama yakan kai maikuron 40 zuwa 50 ne kawai, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. Ƙwayar yashi guda da ta shiga tsakanin yumɓu da fenti ta isa ta zana layi a kanta. Saboda haka a gari mai ƙura irin namu, wankin da ake yi kafin a ɗauki yumɓu da ruwan santsin da ake fesawa sun fi yumɓun kansa muhimmanci.

Da farko, tabbatar motar tana bukata

Ba kowace mota ce ke bukatar wannan aiki ba, kuma yin sa ba dalili yana rage wa fenti lafiya ne. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan an wanke mota an shanya ta, ka sa hannunka cikin farar leda mai laushi, irin ta ƙulla kaya, ka shafa bonet da rufi da but da ƙasan ƙofofi a hankali ba tare da dannawa ba. Leda tana ƙara wa yatsu ji, har abin da tafin hannu bai gane ba za ka ji shi yana kartar ledar. Idan ka ji sulɓi ko'ina, ajiye yumɓunka. Idan ka ji ƙwayoyi, lura da wuraren da suka fi yawa, domin a nan aikin zai fi tsayawa. Yawanci shimfiɗaɗɗun wurare ne da bayan mota da bayan tayoyi.

Akwai motocin da bai kamata a kai musu yumɓu ba ko da sun yi kaushi. Motar da rana ta cinye fatar samanta har ta fara fari tana ɓarewa, abin da ake yawan gani a rufi da bonet na tsofaffin motoci a nan, yumɓu ba zai gyara ta ba, ƙara ɗaga ɓawon zai yi, maganinta mai fenti ne. Fenti marar sheƙi da aka yi shi haka da gangan, da ledar ado marar sheƙi da ake liƙa wa mota, yumɓu yana bar musu tabon ƙyalli da ba ya gyaruwa. Motar da aka yi wa sabon fenti a bar ta ta yi aƙalla wata guda, kuma a tambayi wanda ya fesa. Wadda aka shafa wa kariyar siramik kuma, wato ruwan da ke daskarewa ya zama siririyar fata mai tauri a kan fenti, a fara gwada magungunan narkar da ƙarfe da kwalta kawai, saboda yumɓu yana iya raunana kariyar.

Kayan aiki

Yumɓu yana zuwa hawa uku: mai laushi, matsakaici, da mai ƙarfi. Mai laushi za ka saya. Mai ƙarfi yana cire feshin fenti da sauri, amma kusan kullum yana barin dusashewa da sai an bi da injin foli, wato injin goge fenti don dawo da sheƙi, don haka kayan ƙwararru ne. Dunƙule na giram 100 ya ishi mota irin Corolla ko Camry har ya yi saura. Ana iya dubawa a shagunan kayan kwalliyar mota na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, ko a yi oda ta intanet. Ka guji wanda ya zo ba suna ba bayani, wanda ke barin launinsa a yatsa tun kafin ya taɓa mota.

Sai ruwan santsi, wanda ake sayarwa a robar feshi, sau da yawa a kwali ɗaya da yumɓun. Idan babu shi, sabulun ruwa na wankin mota da aka haɗa da ruwa har ya yi santsi sosai tsakanin yatsu yana wadatarwa, musamman ga safa. Omo da sabulun wanke-wanke ba sa cikin lissafi, domin garin omo da bai narke ba yana kartar fenti, sabulun kwanuka kuma yana sa yumɓu ya ruguje. Ruwa zalla ma bai isa ba, sai ga 'yan nau'o'in da aka yi don haka, irin na kamfanin Bilt Hamber na Ingila, waɗanda suke faɗa a jikin kwalinsu. Za ka kuma bukaci bokiti biyu, da safar wanki mai laushi, da tawul ɗin maikurofaiba (wani yadi mai laushi da siraran zare) masu tsabta guda huɗu ko biyar, da maganin narkar da ƙarfe, da na narkar da kwalta, da kakin mota ko wani maganin kariya da za a shafa a ƙarshe. Idan ba ka tanadi na ƙarshen nan ba, ɗage aikin zuwa ranar da ka same shi.

Lokaci da wuri

A bazara zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ƙarfen baƙar mota da ke tsaye a rana yana wuce digiri 60. A kan irin wannan jiki ruwan santsi yana bushewa kafin ka gama fesawa, yumɓu kuma ya yi laushi ya manne ya bar shafe-shafe. Saboda haka a inuwa ake yi, a cikin gareji ko ƙarƙashin rumfa, da sassafe ko bayan la'asar, kuma sai ka ɗora bayan hannunka a bonet ka ji shi da sanyi. Inuwar bishiya ba ta dace ba, tunda abin da kake cirewa ne ke zubowa daga sama. Ka zaɓi daɓen siminti ko intalok, ka share shi, ka yayyafa masa ruwa don kada ƙafarka ta riƙa tayar da ƙura.

Ranar da hazon hunturu ya sauko, wadda ake goge gilashi a dawo bayan rabin awa a iya rubutu a kansa, ba ranar wannan aiki ba ce, sai dai a rufaffen wuri. Ƙurar hunturu laushinta a ido ne kawai, akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma tana sauka a kan ɓangaren da ka wanke kafin ka iso shi. A ganina lokaci mafi dacewa shi ne bayan hazo ya ɗauke, wajen ƙarshen Maris, ko kuma bayan ɗaukewar damina a Oktoba kafin iskar hunturu ta taso, don motar ta shiga hunturu da kariya a jikinta.

Wanki, sannan magani

Fara da kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har sai ƙurar da ke kwance ta tafi, ba tare da ka taɓa motar da komai ba. Al'adar ɗaukar tsumma a kakkaɓe busasshiyar ƙura kowace safiya ita ce ta fi komai kashe sheƙin motoci a garin nan, kuma ba wurinta a wannan aiki. Wanke tayoyi da wili da wani soso na daban. Daga nan ka zuba ruwan sabulu a bokiti ɗaya, ruwa zalla a ɗayan. Ka tsoma safar wanki a na sabulu, ka wanke ɓangare guda, ka ɗauraye ta a na ruwa zalla kafin ta koma na sabulu, ta haka yashin da ta kwaso yana zama a bokiti na biyu. Daga sama ake farawa, ƙasan ƙofofi da bamba su zo a ƙarshe. Ka buɗe ƙofofi ka wanke bakinsu, ka bi gefen gilashi da kewayen tambari da ruwa, domin nan ne yashi ke ɓuya ya fito daga baya tare da ruwan santsi.

Mataki na gaba mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne ke rage wa yumɓu rabin aiki. Duk abin da magani zai narkar, gara ya narkar da shi da a ja shi a kan fenti. Fesa maganin kwalta a kan baƙaƙen ɗigon da ke ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, ka ba shi minti ɗaya ko biyu, ka share da tawul ɗin da ba za ka sake kai shi wani wuri ba. Wasu suna amfani da kalanzir, kuma yana narkar da kwalta, amma dole a wanke wurin da sabulu nan take, kuma kada ya taɓa baƙar roba. Fetur da tina kuwa a nisanta su da fenti gaba ɗaya.

Sai maganin ƙarfe, irin Iron X na kamfanin CarPro da makamantansa. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, don haka a buɗaɗɗen wuri ake fesa shi, da safar roba a hannu. Bayan minti uku zuwa biyar za ka ga ɗigon shunayya suna gangarowa daga duk inda ƙarfe ya maƙale, alamar maganin ya narkar da shi ke nan. Kada ka bari ya bushe a jiki, kuma a iskar Kano bushewa ba ta da wuya, shi ya sa ya fi kyau a yi gefe ɗaya a ɗauraye kafin a koma ɗaya gefen. Ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan ka sake gwajin leda. Wani lokaci a nan aikin yake ƙarewa.

Aiki da dunƙulen yumɓu

Wanke hannunka, ka cire zobe da agogo. Yanka dunƙulen gida uku, ka ɗauki ɗaya, ka mayar da sauran cikin robarsu ka rufe. Hikimar rabawa ita ce duk yumɓun da ya faɗi ƙasa ya tashi daga aiki. Ba a wanke shi, ba a yanke gefen da ya taɓa ƙasa, ba a cewa ai daɓen a share yake. Yana kwasar yashin da ido ba ya gani, kuma asarar kashi ɗaya cikin uku ta fi sauƙi a kan asarar fentin bonet.

Murza guntun a hannu har ya yi laushi. Da sanyin safiya yakan yi tauri, sai a jiƙa shi a ruwan ɗumi na 'yan mintuna. Ka baje shi ya zama faifai kamar ƙaramar waina, daidai faɗin yatsu uku ko huɗu, ka ɗora shi a kan yatsun. Zaɓi wuri mai kimanin santimita 60 a tsaye da 60 a kwance, ka fesa masa ruwan santsi har ya jiƙe sharkaf, ka fesa wa yumɓun ma. Idan wannan ne karonka na farko, fara gwadawa a wani lungu da ba a cika kallo ba, ka share ka duba kafin ka hau bonet.

Yanzu ka riƙa zame shi gaba da baya a miƙe, layi yana ɗan hawa kan layi, ba tare da dannawa ba. Nauyin yatsunka kawai ya isa. Ba a zagayawa da shi, domin idan aka yi rashin sa'a wani abu ya karci fentin, miƙaƙƙen layi ya fi ɓuya ga ido kuma ya fi sauƙin gogewa a kan zagayayyen zane da ke bayyana ta kowace fuska a rana. Da farko za ka ji yana ɗan cijewa, kunnenka kuma zai ji wani siririn sauti na karta. Bayan zuwa da dawowa kaɗan sautin zai ɗauke, yumɓun ya riƙa tafiya sumul. Wannan shirun shi ne alamar wurin ya gama, kuma ci gaba bayansa ba ya ƙara komai sai haɗari. Idan wani ɗigo ya ƙi fita, ƙara yawan zuwa da dawowa da ruwan santsi, kada ka ƙara ƙarfi. Idan har yanzu ya ƙi, wataƙila siminti ne ya fantsama, ko kuma tabo ne da kashin tsuntsu ya ƙona cikin fenti, kuma duka biyun ba aikin yumɓu ba ne.

Da zarar ka ji yumɓun yana kamawa ko yana barin shafe, ruwan santsi ne ya yi kaɗan, sai ka ƙara. A nan ne masu tsimi suke cutar kansu, domin robar feshi guda ba ta kai kuɗin foli ba. Idan ka gama wuri, share shi da tawul mai tsabta kafin ya bushe, ka shafa da leda ka ji.

Bayan kowane wuri, juya yumɓun ka kalli fuskarsa. Za ka ga ta yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Ninke shi gida biyu dattin ya koma ciki, ka murza, ka sake baje shi har fuska mai tsabta ta fito. Idan ka hango ƙwaya mai girma, tsince ta da farce kafin ka ninke. Lokacin da ka ninke ka murza amma fuska mai tsabta ta daina fitowa, guntun ya ƙoshi, ɗauki sabo. Idan kuwa ka ga launin motar kanta a jikin yumɓun, ja a jar mota ko shuɗi a shuɗiya, to fentin ba shi da fatar sama, abin da ake samu a tsofaffin motoci da wasu da aka sake wa fenti mai araha. Ana iya ci gaba, amma da hannu mafi sauƙi, kuma ba a daɗewa a wuri ɗaya.

Tsarin tafiya shi ne daga mafi tsabta zuwa mafi datti: rufi, bonet, saman but, rabin ƙofofi na sama, sannan rabin ƙasa da bamba da bayan mota. Kana iya bin gilashi da fitilu, kuma gilashin gaba yana amfana sosai, domin waifa tana daina tsalle da kuka a kansa. Amma gilashi mai tinti ta waje kawai ake bi, ledar tana ciki. Baƙar roba mai gurza-gurza ta bamba da gefen ƙofa a kauce mata, saboda yumɓu yana shiga ramukanta ya bar fari. Wili kuma guntun da ya tsufa ake ba shi, kuma daga nan ba ya komawa jikin fenti. Ƙaramar mota takan ci awa ɗaya zuwa biyu a hannun wanda bai saba ba.

Aiki da safa

Safar yumɓu safar maikurofaiba ce da aka shafa wa gefe ɗaya wani danƙo mai kama datti. Kamfanin Nanoskin yana cikin waɗanda suka yi suna da ita, kuma ana samun irinta a siffar tawul ko soso. Sabuwar safa tana zuwa da ɗan kaushi a fuskarta, don haka kafin ta taɓa fenti ana fara goga ta a gilashin mota da ruwan sabulu mai yawa na 'yan mintuna har ta lafa. Wanda ya tsallake wannan yana iya ganin dusashewa a bonet tun daga shafar farko.

Bayan an wanke motar an ɗauraye, a haɗa sabon ruwan sabulu a bokiti mai tsabta, ya fi na wanki kauri. Kada a yi amfani da ragowar ruwan wanki, kuma kada a haɗa wanki da wannan aiki a shafa ɗaya don neman sauri. Tsoma safar, ka jiƙa ɓangaren motar da kumfa, ka bi shi a miƙe da hannu a buɗe. Da yake hannu gaba ɗaya ne a ciki, dannawa tana zuwa ba tare da an sani ba, kuma safa ba ta isar da ji ga yatsu kamar dunƙule, saboda haka a dogara da kunne da gwajin leda. Safa ba ta haɗiye datti yadda dunƙule ke yi, a fuskarta yake zama, don haka a madadin ninkewa, ɗauraye ta za ka riƙa yi a bokitin ruwa zalla bayan kowane ɓangare, kana shafa fuskar da yatsa. Kada maganin kwalta ko kalanzir ya taɓa ta, yana narkar da danƙon.

Wanne ya fi? Ga mai mota ɗaya ko biyu a gida, da mai wurin wanki da ke karɓar motoci da yawa, na fi karkata ga safa mai laushi. Tana rage lokaci da kusan rabi, tana yin motoci masu yawa kafin ta mutu, kuma idan ta faɗi ana ɗauraye ta sosai a ci gaba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda ƙasa take da yashi. Amma tana barin dusashewa fiye da dunƙule mai laushi, abin da baƙar mota da mai shuɗi mai duhu ba sa ɓoyewa, kuma ba ta shiga lungun madubi da ƙarƙashin hannun ƙofa da tsakanin haruffan tambari. Mai baƙar mota da ba shi da niyyar yin foli ya tsaya ga dunƙule. Saura su yi manyan wurare da safa, su ajiye ɗan guntun yumɓu don lunguna.

Bayan an gama

Sake ɗauraye motar ko ka yi mata wanki mai sauƙi don ragowar ruwan santsi ya fita, sannan ka tsane ta da tawul nan da nan. Ruwan burtsatse da na rijiya sau da yawa suna ɗauke da gishirin ƙasa, idan suka bushe da kansu suna barin fararen zobba a fentin da ka gama wahala a kansa. Fitar da ita rana ko ka haska fitilar waya a gefe ka duba. Yumɓu ba ya cire karce ko zanen da ke jiki tun da, hasali ma yakan ƙara bayyana su tunda dattin da ke rufe su ya tafi. Idan ka ga hazo-hazo ko siraran layuka, foli mai laushi da hannu ko da inji yana gyarawa, kuma yanzu ne lokacin da ya fi dacewa da shi, domin babu ƙwayar da soson foli zai kwasa ya zagaya da ita.

Yumɓu yana tafiya da kakin da ke jikin mota tare da dattin, don haka fentin yanzu tsirara yake a gaban rana da ƙura. A ranar za a shafa kariya, ba washegari ba. Kakin karnuba, wato kakin mota da ake samu daga ganyen wata bishiya, yana ba da sheƙi mai kyau, amma a zafi irin namu ba ya wuce 'yan makonni zuwa wata biyu. Maganin kariya na roba da ake shafawa ko fesawa ya fi jure zafi, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ko wanne ka zaɓa, shafa shi siriri a inuwa, ka bi umarnin da ke jikin robar game da lokacin sharewa.

Guntun yumɓun da bai ƙoshi ba a fesa masa ɗan ruwan santsi a rufe shi a robarsa. Safa a ɗauraye ta, a shanya ta a inuwa, a ajiye ta ba tare da fuskar danƙon ta naɗe ta taɓa kanta ba, don tana mannewa. Duka biyun kada a bar su a but ko a kan dashbod, zafin cikin mota yana lalata su. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar ga yawancin motoci. Wadda ke kwana kusa da masu walda ko masu fenti za ta nemi fiye da haka, amma a tsakani a fara gwada maganin ƙarfe shi kaɗai, a kuma sake gwajin leda kafin a buɗe robar yumɓu.